Rubutun Bayan Hoto

Kafin ku fara yi mini tsiya a ƙasan wannan rubutun, bari in faɗa da bakina: na so shi. Ni ɗin nan da nake zama ina yi wa 'yan matan fim dariya idan namiji ya yi musu murmushi suka bar hankalinsu a ƙofar gida, ni ce Injiniya ya zo da kwamfuta a hammata ya tafi da ni, ko gardamar kirki ban yi ba. Don haka duk wadda ta shirya cewa ai da ma ta faɗa, ta adana yawunta, na riga ta.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: da rana ina tsaron wani kantin labule da zannuwan gado, idan na tashi kuma ina rubuta sharhin finafinai a wani ɗan shafi nawa na intanet. Ba sana'a ba ce, saboda Mama na buɗe shi. Mama mayyar kallo ce tun muna yara, sai ciwon suga ya taɓa mata ido, ya zama ba ta ganin komai a talabijin ɗin falo sai haske yana motsi. Tare muke kallo, ita tana jin magana, ni ina gaya mata abin da ido ke gani: kalar rigar yarinyar, yadda uban ya haɗe rai, wanda ya laɓe a bayan ƙofa. Daga baya na fara rubutawa, wayarta tana karanta mata da wata muryar inji mai karya Hausa kamar tana tauna tsakuwa. Mu ko rabin abin da muryar ke faɗa ba ma ganewa. Mama kuwa ta saba da ita har ta sa mata suna, ƙawata take ce mata.

Ni ba na ba fim taurari, Mama ce ma'aunina. Fim ɗin da bai yi ba, sai in rubuta "Mama ta yi barci". Na tsaka-tsaki, "Mama ta yi gyangyaɗi". Wanda ya amsa sunansa fim kuwa, "Mama ta ce a mayar baya", don idan magana ta ratsa ta sai ta ɗaga hannu ta ce a mayar mata ta sake ji.

Shafin dai, tsakani da Allah, ba ya ganuwa. Fari fat, baƙin rubutu manya-manya, sharhi a kan sharhi kamar tulin wanki. Wanda yake neman fim ɗin bara sai ya yi ta jan allo har babban yatsansa ya yi tsami. Ku kanku kun sha yi mini ƙorafi, ina ce muku ku yi haƙuri. Ban iya gyarawa ba ne kawai.

Gwaggo, ƙanwar marigayi Babanmu, ita ta kawo Injiniya. Ɗan maƙwabciyarta ne. Ba ya gina gada, ba ya gyara mota, shafukan intanet yake tsara wa kamfanoni, amma tunda Gwaggo ta ce Injiniya, sunan ya bi shi. Tun daga ranar ban ƙara shan shayin safe cikin kwanciyar hankali ba. Kullum wayarta ce ke fara shigowa: yaro mai hankali, ga aiki ga kunya, sa'o'ina duk sun wuce wurin ni na zauna ina auren talabijin, idan na bari wannan ya kuɓuce sai dai in ɗaura aure da rimot. Yayana ma ya bi bayanta, shi da bai taɓa tambayata ko na ci abinci ba. Mama ce kaɗai ba ta matsa ba. Abin da ta ce mini shi ne in duba da kyau, tunda ni ce mai ido.

Na duba, 'yan uwa. Wallahi na duba.

Ranar da ya fara zuwa na shirya masa fuskar da nake yi wa masu taya labule da rainin hankali. Ya shigo da farar riga mai dogon hannu, ya naɗe hannun zuwa gwiwa, ƙamshinsa mai sanyi ba irin mai hawa kai ba. Ya durƙusa ya gaida Mama. Ina jiran tambayar da kowa ke yi, ko na iya girki, ko zan ci gaba da aiki, sai ya dubi Mama ya ce:

"Mama, ashe ke ce mai yin barci a fim ɗin mutane."

Mama ta yi dariya har da riƙe ciki. Ashe ya karanta shafina tun daga sama har ƙasa, abin da ko Yayana bai taɓa yi ba. A nan fuskar tawa ta warware ba da izinina ba. Da zai tafi ya ce rubutuna ya fi ƙarfin gidan da na ajiye shi, in ba shi dama ya gyara mini gidan.

Haka muka fara. Da rana idan masu saye suka ɗauke ƙafa sai ya zo kanti, in ture bandiran yadi gefe, ya buɗe kwamfutarsa a kan teburin gilashi. Ya iya bayani, wannan ko yau ba zan hana shi ba. Ya ce duk wanda ya shigo shafi baƙo ne, kuma baƙo bai kamata ya tsaya a tsakar gida yana waige-waige ba, ya kamata ya san inda yake, ya san inda zai danna ba tare da ya yi tunani ba. Ya sa wurin bincike a sama. Ya raba finafinan gida-gida, na soyayya, na ban dariya, na ban tsoro. Ya sa wani ɗan maɓalli a kusurwa mai mayar da mutum sama da dannawa ɗaya, ya ce don a tausaya wa babban yatsan jama'a. Mun yi faɗa a kan taurari, shi ya ce kowa da su ya saba, ni na ce Mama ba tauraro ba ce. Washegari sai ga shi da wasu 'yan zane uku: matashin kai, da kai mai rangaji, da hannu a ɗage. Na kalle su bakina har kunne, har wata mai sayen zanin gado ta tambaye ni ko albishir aka yi mini.

Sai kala. Ya zaɓi wata ruwan zuma mai taushi, ya ce daga mayafin da na yafa ranar farko ya ɗauko ta. Na ce ai mayafin ruwan ƙasa ne. Ya ce a idonsa zuma ne. Ni da nake sayar da kala tun safe har yamma, na yarda an canza wa mayafina suna. Daga ranar kusan kullum shi nake yafawa, in wanke da yamma in goge da safe.

Abu ɗaya na kafe a kai, shi ne hotuna. Tsohon shafin ba shi da hoto ko ɗaya, don ba su da amfani ga wadda na yi shi dominta. Shi kuma ya ce shafi ba hoto ɗaki ne ba taga. Da ya ga na ƙi, sai ya yi mini bayanin wani abu da ya kira rubutun bayan hoto. Wai kowane hoto yana da ɗan gurbi a bayansa da ake rubuta abin da ke cikinsa. Ido ba ya ganin rubutun, sai idan hoton ya ƙi buɗewa, ko idan waya tana karanta wa mutum shafi irin yadda ta Mama take yi.

"Yawanci ba wanda yake damuwa da cika shi," ya ce. "Ba mai karantawa."

"Mama za ta karanta."

"To zan cika."

"Ka bar mini kalar, ka bar mini zanen, duk ban damu ba. Wannan kaɗai na roƙe ka."

Ya dafa ƙirjinsa. "Da hannuna zan cika kowanne, kuma sai na saurara da kunnena kafin ya iso wurin Mama."

Ku ajiye wannan maganar a gefe, za mu dawo kanta.

Saƙonninsa kuwa ba a magana. "Malamar fim, kin ci abinci ko sai na zo na duba?" "Yau na ƙara wa haruffa girma, saboda masu tabarau." "Na gyara wurin bincike, amma na rubuta sunanki ya ce ba a samu irinki ba." Na san kuna yamutsa fuska. Ni ma da a fim na ji wannan da Mama ta yi barci. Amma a wayata ya shigo, ina kwance a ɗakina fanka tana kaɗawa, sai na rungume filo kamar wata sakarya. A cikin irin wannan ne na yi masa alkawari: ranar da sabon shafin ya tashi zan ba shi amsata. Na yi subul da baka na gaya wa Gwaggo, kafin yamma dangi kaf sun ji.

Duk wannan ba wanda ya san shi dalla-dalla kamar Auta, autar Gwaggo. Tare muka tashi, na girme ta kaɗan, hutu ko a gidanmu ko a nasu, gado ɗaya bargo ɗaya. Mayafai take sayarwa a intanet, tana da shafinta da ta ce wani a makarantarsu ne ya yi mata, ni kuwa ban taɓa buɗewa ba don duk abin da nake so a jakarta nake ɗauka. Auta kyakkyawa ce, kuma ta san da haka. Tana da wushirya a tsakiyar haƙoranta na sama, shi ya sa ba ta taɓa ɗaukar hoto baki a rufe, dariyarta kuwa har ta maƙwabta. Ni nawa haƙoran a jere suke cif, ko zare da ƙyar yake wucewa. Muna yara har tsinke na taɓa cusawa wai ko za su buɗe, Mama ta kama ni ta ce in bar wa Allah aikinsa.

Ita nake karanta wa saƙonnin Injiniya, ɗaya bayan ɗaya, har da kwaikwayon muryarsa. A 'yan kwanakin nan na lura dariyar tata ta ragu, takan ce "uhm" kawai tana latsa waya. Na ɗauka kasuwa ce ta yi mata sanyi, har na yi mata tallan mayafai a wurin masu sayen labule.

Ranar Asabar da yamma ya turo cewa shafi ya tashi. Aiki ya riƙe shi a ofis, amma yana jiran amsa ko da harafi ɗaya ne. Na yi wanka na sa doguwar riga mai ƙananan furanni, na ɗora mayafin nan, ni da ba inda za ni. Amsar tana bakina tun safe, kuma kun san ta. Ban gama shafa turare ba sai ga sallamar Gwaggo, Auta na biye da ita da baƙar jaka. Wai Gwaggo ta zo ne a yi a gabanta, kada a ba ta labari.

Muka zauna a falo. Mama a kujerarta ta kusa da taga da matashi a bayanta, Gwaggo ta cika mai zaman uku ita da jakarta, Auta a ƙasa kan kafet ta jingina da bango. Na buɗe shafin a wayata.

Ya yi kyau. Ba zan yi masa ƙarya ba don ya yi mini. A can sama babban hoto ne na kujeru jere a ɗaki mai duhu, haske yana faɗowa a kansu. Ƙasa da shi sunan shafin cikin ruwan zuma, ga gidajen finafinai, ga ɗan hannun Mama a ɗage kusa da waɗanda suka yi fice. Na rubuta sunan wani fim na bara, kafin in ƙifta ido ya fito. Gwaggo ta karɓi wayar ta nesanta ta da fuska tana ta tubarkalla, ta ce yaron da ya yi wannan ai gida ma haka zai riƙe. Auta ta leƙa ta ce ya yi kyau, ta koma ta jingina.

"To ku masu ido kun gama," in ji Mama. "Ku ba ni ƙawata ta gaya mini nawa."

Na buɗe mata a wayarta na ɗora a cinyarta. Muryar ta fara da tsakuwarta: sunan shafi, bincika, na soyayya, na ban dariya, na ban tsoro. Mama tana gyaɗa kai tana murmushi. Sai muryar ta ce "hoto", ta shiga wata doguwar magana.

Ni kalma biyu na tsinta, "bayansa" da "haƙuri". Gwaggo ba ta tsinci ko ɗaya ba, amma ta gane ba bayanin kujeru ba ne, sai ta tafa hannu ta ce oh ita, yaran yanzu har a cikin inji suke zance. Kunya ta kama ni, irin mai daɗin nan, na ja mayafi na rufe rabin fuska. Na ɗauka ya ɓoye mini wani abu ne a wurin da na roƙe shi. Na ɗauka wannan ne ƙarshen fim ɗin.

Mama ba ta yi dariya ba. Ta ɗaga hannu.

"Mayar baya."

Na mayar. Ta ce in rage mata gudu. Na rage, muryar ta dinga ajiye kalmomin ɗaya-ɗaya a tsakiyar falonmu:

"Mai wushiryata, idan hoto ya ƙi buɗewa ki san ni ne a tsaye a bayansa. Ki ƙara haƙuri, zancen can na ganin idon manya ne."

Fankar sama tana ta ƙas-ƙas ɗinta. Mama ta juyo da fuskarta wajena, ta ce a hankali, ba wasa a muryarta ko kaɗan:

"Ke, yaushe kika yi wushirya ban sani ba?"

Kun san abin da na yi? Harshe na sa na shafa haƙorana. Wallahi sai da na duba, kamar mai fatan ta fito tsakanin safe da yamma. Sannan na juya na kalli Auta.

Bakinta a rufe yake. Tunda nake da ita ban taɓa ganin ta haɗa leɓe haka ba, ta matse su har sun yi fari, idonta a kan kafet. Ba ta tambayi me aka ce ba, don ba ta buƙatar a rage mata gudu. Ni da na shekara ina gaya wa Mama wanda ya laɓe a bayan ƙofa, ban ga wadda ke kwana a gadona ba.

Gwaggo ta ce wace shirya kuma, me aka shirya. Mama ta ce ba komai, ƙawarta ce take shirme, wani lokaci haka take yi. Sai ta miƙa hannu wajen bango ta ce:

"Auta, miƙo mini wayarki in gani."

Mama da ba ta gani, wai in gani. Amma ba wanda ya yi dariya. Auta ta rarrafo ta sa mata a hannu, Mama ta tura wayar ƙarƙashin matashin da ke bayanta ta gyara zama a kai, ba hanyar kai wa Injiniya labari. Ta ce yau Auta a nan za ta kwana, ta daɗe ba ta matsa mata ƙafa ba. Gwaggo ta ce ai 'yarta ce, ta riƙe ta ko mako ne, ta juyo kaina tana tambayar to ina amsar da ta zo ji. Na ce bari in ɗauko abu a ɗaki.

A bakin gado na zauna na nemo shafin mayafan Auta. Ruwan zuma. Wurin bincike a sama, ɗan maɓallin nan a kusurwa, babban hoto a daidai inda nawa yake. Gidan da ya gina mata ya ɗauko sukutum, ya cire mayafai ya zuba finafinai, ya canza hoton sama ya manta da abin da ya ɓoye a bayansa. Kalar da na yi ta wanke mayafi dominta, ta riga ni zuwa duniya a shafin wata.

Na koma nawa na kunna mai karantawa a wayata, na bi sauran hotunan. Hoto. Hoto. Hoto. Ba komai a bayansu, ko kalma ɗaya bai cika ba.

A nan na yi kuka, kuma zan gaya muku gaskiyar abin da ya fi ci mini rai. Auta ta ci amanata, wannan ciwon na san zai daɗe. Shi ma ya mayar da ni zancen ganin idon manya, ni da mayafina da filona. Amma abu ɗaya na roƙe shi, guda ɗaya, kuma ba don kaina ba. Da sau ɗaya ya saurari shafin kamar yadda ya dafa ƙirji ya ce zai yi, da ya ji abinsa ya goge, da yanzu na ce masa eh, da Gwaggo tana can tana kiran dangi. Rainin da ya yi wa Mama ne ya cece ni, kuma ban san yadda ake gode wa irin wannan ba.

Na share fuska na shiga wurin saiti na canza lambar sirrin shafin. Wannan ma shi ya koya mini, a kan teburin gilashi, yana cewa kada in taɓa barin makullin gidana a hannun wani. Ina gamawa saƙonsa ya shigo.

"Malamar fim, na kasa zaune na kasa tsaye. Mama ta ji? Me ta ce?"

Na gyara zama. Sannan na rubuta masa gaskiya tsantsarta:

"Mama ta ce a mayar baya."

'Yan zanen zukata suka yi ta shigowa jere-jere, ja da ruwan zuma. Ya ce bai taɓa samun maki irin wannan ba a rayuwarsa. Ya ce gobe da yamma zai zo da Baffansa su gaida Mama, idan na yarda. Na ce su zo, Gwaggo ma za ta dawo, Auta kuma tana nan. Na ce Mama tana so a saurari shafin tare, kowa yana zaune.

"In sha Allahu," ya rubuto. "Ki yafa mayafin nan."

Sai Mama ta ƙwala mini kira daga falo. Na fito na samu Gwaggo ta shiga alwala, Auta a durƙushe tana matsa ƙafa kanta a ƙasa. Mama ta miƙo mini wayarta.

"Ungo, sa mini ƙawata a caji," ta ce. "Gobe tana da aiki."